Awakin Harisu

A zamanin da zan ba da labari babu garin Dakoro tukuna. Daji ne na ƙaya da sabara, sai ƙauyuka jefi-jefi a bakin rijiyoyi, daga Birnin Lalle har kwarin Tarka. Ɗaya daga cikinsu ana ce masa Gidan Rabo, da sunan mutumin da ya haƙa rijiyar wurin ya zauna da iyalinsa, wasu suka biyo shi daga baya. Labarin ɗansa Abarci zan faɗa, kamar yadda tsofaffin gidanmu suka bar mana shi.

'Ya'yan Rabo uku ne da matarsa Lami. Abarci ne babba, sai Zainabu, sai Harisu auta. Abarci gajere ne kakkaura, ba shi da yawan magana, kuma tun yana saurayi aka san shi da ƙwazon aiki da saurin fushi. Harisu kuwa mai son hira ne da dariya. In Buzaye suka sauka bakin rijiya da ayarinsu na gishiri da dabino, can yake wuni, har ya tsinci harshensu.

Wata rana da rani suna shayar da shanu, Harisu ya shagala da hira da baƙi, igiyar wasaki ta suɓuce masa ta faɗa rijiya. Rijiyar gaba ashirin da biyar ce, igiyar kuma ta fata ce da aka yi wata guda ana tuƙa ta. Abarci ya mare shi a gaban baƙin da matan ƙauye. Harisu bai rama ba. Shi ya shiga rijiyar da kansa ya fito da igiyar. Bayan kwana uku ayarin ya tashi zuwa arewa, ya bi su. Ya gaya wa uwarsa zai je Abzin ya ga ƙasa, ya komo kafin shuka. Shekararsa ashirin da biyu a lokacin. Aka yi shuka uku bai komo ba, ba kuma wanda ya zo da labarinsa.

A shekara ta uku, da kaka, wani tauraro mai wutsiya ya fito ta gabas, ana ganinsa da asuba, mutane suka yi ta sadaka saboda tsoro. Yana nan a sama Rabo ya kwanta ciwon ciki. An riga an gama yankan hatsi. Kwana tara ya yi ya rasu.

Bayan sadakar arba'in Abarci ya tafi Birnin Lalle ya zo da Malam Isufu, wanda shi ke raba gado da yanke shari'a ga mutanen wannan yanki. Malamin ya sauka ƙarƙashin gawon da ke ƙofar gida, ya sa aka kira dattawa biyu su zama shaidu, ya ce a fito da duk abin da mamacin ya bari, har allura. Aka koro shanu da awaki da jakai, aka buɗe rumbuna aka ƙirga dammunan hatsi, aka shimfiɗa riguna da takobi da kayan noma a tabarma. Gona kuma aka auna ta da igiya.

Malamin bai taɓa rabo ba sai da ya fitar da abin da ya rigaye shi. Ya fara da likkafanin da aka karɓo wurin masaƙi. Sannan ya sa aka yi shela cewa duk mai bin marigayi wani abu ya zo, maƙerin ƙauye ya zo a kan dami biyar na gyaran kayan noma, aka ba shi. Sai wasiyya. Dattawan suka shaida cewa Rabo ya ce a ba da jaki ɗaya ga tsohon da ya taya shi haƙar rijiya, rijiyar kuma ta zama ta kowa, kada a saka ta a gado. Malam ya duba ya ga jakin bai kai sulusin dukiya ba, ya zartar. Ya ɗebi ushirarsa kamar yadda aka saba. Abin da ya rage ya ce a ɗauke shi kamar kashi arba'in. Biyar na Lami, shi ne tumuninta, bakwai na Zainabu, goma sha huɗu na Abarci, goma sha huɗu na Harisu.

Bubakar mijin Zainabu ya tambaya cikin ladabi ko akwai dalilin ware wa mutumin da aka yi shekara uku ba a ji ɗuriyarsa ba. Malam Isufu ya ce wanda ya ɓata, shari'a tana ɗaukarsa mai rai har sai an shaida mutuwarsa, ko kuwa shekarunsa su kai saba'in daga haihuwa. Kafin nan rabonsa amana ne, ba mai ci, ba mai sayarwa. Ya tambayi wanda zai riƙe.

Abarci ya ce, "Ni ne, Allah gafarta Malam."

Aka yi wa bisashe kima, aka tara su kashi-kashi, aka jefa ƙuri'a da karare don kada a ce an fifita wani. Rabon Harisu ya faɗa kan saniya da karsana, awaki shida, jaki ɗaya, dami sittin na hatsi, da gefen gona na yamma. Malamin ya gindaya wa Abarci sharuɗɗa a gaban shaidu. Ya yi wa bisashen shaida dabam. Nono nasa ne, ladan kiwo. Gonar ya nome ta, rabin amfanin nasa, rabi na ɗan'uwansa, kuma tun da hatsi ba ya jiran shekaru, ya riƙa musanya shi da abin da ke haihuwa. Ya fitar da zakka in ta kai. Kowace kaka ya nuna wa dattawa garken su gani da idonsu.

A ranar Abarci ya ɗauki aska ya tsaga kunnen hagu na kowace dabba sau biyu. Nasa tsaga ɗaya ce a dama. Daga nan kowane ɗan akuya da aka haifa cikin wannan kashi, kafin ya kwana bakwai ya sami tsaga biyu.

Hatsin Harisu na farko ya musanya shi da awaki wurin Fulani. Na shekarun baya ya tara ya karɓi taguwa wurin Buzaye, don ya tuna ƙanen nasa ya fi son raƙuma a kan shanu. Duk ayarin da ya sauka rijiya, Abarci zai ajiye abin da yake yi ya je ya tambaya, da 'yar Hausar da suke ji da kwatance na hannu. Wasu su ce sun ga mai kama da shi a Agadas, wasu su ce a hanyar Kawar, ba wanda ya tabbatar. Lami kuwa ta hana kowa ya ambaci mutuwa a kan ɗanta a cikin gidan. In an dafa abin marmari takan ce a ɗiba a ajiye, ko da zai iso kafin dare, washegari a ba yara.

Abarci da matarsa Aisata suna da 'ya'ya biyar. Yaran sun tashi sun tarar da garke biyu a gidansu, ɗaya da ake yankawa da suna da salla, ɗaya da ba a taɓawa. Su suke kiwon duka biyun. Mutanen yankin suka saba da ganin masu tsaga biyu a bakin rijiya, suna ce musu awakin Harisu, har da waɗanda ba su taɓa ganin Harisu ba.

A shekara ta tara da rasuwar Rabo annobar shanu ta zo, wadda aka yi wa laƙabi da sannu. Cikin wata guda ba saniyar da ta rage tsaye a Gidan Rabo. Abarci yana da goma sha ɗaya, duk suka faɗi. Na Harisu biyar su ma suka tafi. Amma Abarci dukiyarsa kusan duk a shanu take, ta Harisu kuwa awaki ce da raƙuma, waɗanda ciwon bai yi wa ɓarna sosai ba. Damina ta biyo baya ba ta yi kyau ba. Sai ga shi wanda ya fi kowa wadata a ƙauyen mutum ne da ba ya nan, mai riƙe masa dukiya kuma yana dama kunun dusa da iyalinsa.

Aisata ta daure har rani ya yi tsakiya. Ranar da ƙaramar 'yarsu ta kasa tashi daga tabarma, ta tare mijinta a bakin garke ta ce masa ya sayar da bunsuru biyu ya sayo hatsi, in Harisu ya zo a gaya masa gaskiya, ba ɗan'uwan da zai ƙi. Abarci ya ce ba zai yanke wa mutum abin da zai ce ba alhali ba ya nan. Ya shiga ɗaki ya fito da takobin ubansa da ya faɗo cikin rabonsa, da rigarsa ta salla, ya kai kasuwa ya komo da hatsi. Da wannan da nonon awaki suka kai damina. Yarinyar ta tashi, amma Aisata ta daɗe ba ta yi masa magana ba sai ta dole.

Zainabu ta fi su shan wuya. Bubakar ya ji ciwo a ƙafa ba ya iya noma sosai, 'ya'yanta shida. Ta zo ta zauna a gaban wanta ta ce shekara goma sha biyu ke nan da tafiyar Harisu, kowa ya san abin da hakan ke nufi sai Inna da shi. Abarci bai musa mata ba. Ya ɗora ta a jaki suka tafi Birnin Lalle tare. Malam Isufu ya saurare ta har ƙarshe, ya tausaya mata, ya maimaita abin da ya faɗa a farko: ko shaidu, ko shekara saba'in. Iyakar abin da ya yarda da shi, a ba ta awaki huɗu masu nono ta riƙa tatsa, 'ya'yan da suka haifa kuwa na Harisu ne. Ta karɓa don ba ta da zaɓi. Duk sa'ad da ɗaya ta haihu, Abarci zai zo gidanta da askarsa ya tsaga kunnen ɗan, su gaisa a tsaye ya juya. Haka suka yi shekaru.

Shekara goma sha shida da rasuwar Rabo, da sanyi, lokacin da Buzaye ke gangarowa neman hatsi, baƙi uku suka sauka a bakin rijiya. Dattijo ne mai suna Rhissa, da abokin tafiyarsa Mohamed, da wata budurwa doguwa siririya, Fadimata, wadda ba ta jin Hausa sai kalmomin gaisuwa. Rhissa ya ce suna neman gidan Lami uwar Harisu.

Aka kai su zaure. Rhissa, da Hausarsa ta fatake, ya ce Harisu ya yi aiki da shi a ayari, ya auri ƙanwarsa Lalla a wajen Ingal, suka haifi wannan yarinya. Tana da shekara guda ciwon zazzaɓi ya kashe shi. Bai taɓa gaya wa kowa sunan ƙauyensu ba sai matarsa, ita kuma ba ta faɗa ba sai bara da ta ji ajalinta ya matso, don tana tsoron a raba ta da ɗiyarta. Fari ya cinye musu bisashe, suka gangaro Tagriss, can a bakin rijiya suka ji ana zancen awakin Harisu na Gidan Rabo.

Wannan magana ta ƙarshe ta sa wasu a zauren suka dubi juna. Bubakar ya ce a hankali, duk wanda ya ji labarin garke ba mai shi yana iya zuwa da yarinya. Lami tana zaune a bayan asabari, idonta ya riga ya dushe. Ta ce a bar ta ta yi wa baƙon tambaya. Ta tambayi da wane hannu ɗanta yake cin abinci, Rhissa ya ce da dama yake ci amma da hagu yake jifa da yanka. Ta tambayi abin da ba ya ci, ya ce wake, in ya ci jikinsa yakan yi ruɗu-ruɗu. Ba tare da an tambaye shi ba ya ƙara da cewa akwai tabon ƙuna a gwiwarsa ta dama, Harisu ya ce musu yana rarrafe ya faɗa murhu, uwarsa ta tafi ɗiban ruwa.

Lami ta ce, "Ba ruwa na tafi ba, barci ya kwashe ni. Ni na gaya mishi ruwa na tafi." Ta miƙa hannu ta ce a kawo mata yarinyar, ta zaunar da ita a jikinta, sai a lokacin ta yi kukan da ta hana kanta shekara goma sha tara.

Abarci ya jira har mutane suka watse, ya tambayi Rhissa ko ƙanensa ya taɓa ambatonsa. Dattijon ya ce Harisu yakan ce yana da wa wanda ba a kai shi aiki ba a ƙasarsu. Ya ce kuma ya yi niyyar komowa gida da zarar ya mallaki raƙumi biyu nasa na kansa, don ba ya so ya shiga ƙauye hannu wofi. Yana da ɗaya ya rasu. Abarci ya tashi ya tafi garke ya daɗe can. Da ya komo ya gaya wa Aisata cewa Allah ya kawo mai dukiya, jibi za su je wurin malam a miƙa mata abin ubanta.

Malam Isufu ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe shi yake zama. Ya sa Rhissa da Mohamed suka ba da shaida ɗaya bayan ɗaya a kan auren, da haihuwar, da mutuwar, ya karɓa. Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya yi tunaninta a zauren Gidan Rabo. Ya ce yaushe ne Harisu ya rasu.

Rhissa ya ce ba zai manta ba. Ruwan farko na damina ya sauka, kwana biyu bayan haka suka bizne shi. Lalla tana cikin takaba, saura kwanaki kaɗan ta fita, tauraron nan mai wutsiya ya fito. Mohamed ya ce haka ne, shi ya haƙa kabarin, ƙasa da danshi.

Abarci ya gane tun malam bai buɗe baki ba. Ya ce ko tsohon ya rikice ne, ko shekarar da ta biyo bayan tauraron yake nufi. Malam ya sake tambayar shaidun dabam-dabam, suka tsaya kan maganarsu, ba su san me take ɗauke da shi ba.

Malam Isufu ya ce, "Abarci, ubanku ya rasu tauraron na sama, ni na raba gadonsa. Ɗan'uwanka ya riga shi da wata huɗu ko biyar. Wanda ya riga ubansa mutuwa bai gaje shi ba, ɗiyarsa kuma ba ta gadon kaka in akwai ɗa namiji raye. Abin da ka riƙe ba na Harisu ba ne, bai taɓa zama nasa ba. Naka ne da Zainabu, kashi biyu naka, ɗaya nata."

Aka fassara wa Rhissa. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya ce ko da ya san inda maganar za ta kai, abin da ya gani shi zai faɗa. Ya gaya wa Fadimata da harshensu. Ba ta yi kuka ba, ta gyara lulluɓinta kawai ta dubi ƙasa.

Malam ya tambaya ko Harisu ya bar wani abu nasa na kansa a gida kafin ya tafi. Zainabu ce ta tuna da gamanarsa, 'yar gonar da ubansu ya yanka masa yana saurayi, wadda ta koma saura tun tuni. Malam ya ce wannan gadon Harisu ne na gaskiya, rabi na ɗiyarsa, sauran na uwarsa da ubansa da matarsa. Da labarin ya kai wa Lami ta ce ta bar nata, Abarci da Zainabu suka bar abin da zai biyo ta wajen ubansu, Rhissa ma ya bar na wajen ƙanwarsa, gamanar ta zama ta Fadimata duka. Fili ne da ba ya ba da dami ashirin ko a damina mai kyau.

Aka ƙirga garken a gaban dattawa. Awaki sittin da uku, raƙuma uku, jakai uku, da gefen gona. Zainabu ta kora ashirin da ɗaya da raƙumi da jaki zuwa gidanta. Ba wanda ya zarge ta, don kowa ya san yadda ta rayu, kuma hakkinta ne da ya yi shekara goma sha shida a gidan wani. Abarci ya je ya same ta ya ce ta yafe masa yunwar da 'ya'yanta suka sha da dukiyar uwarsu a gabansu. Ta ce ba shi ya sani ba, ba ita ta sani ba. Ranar ce ta fara ba shi tabarma tun bayan annoba.

Tun kafin su baro Birnin Lalle Abarci ya tambayi malam ko yana iya ba yarinyar nasa kason. Malam ya ce dukiyarsa ce, mai lafiya yana kyauta da abin da ya so, muddin wanda aka ba ya karɓa a hannunsa a gaban shaidu. Abarci ya yi niyyar bayar da duka. Da ya faɗa wa Aisata, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ya fita ya dubi ƙafafun 'ya'yansa maza, su suka bi awakin nan cikin ƙaya tun ba su iya ɗaura wando ba, babban yana neman aure ba shi da ko tunkiya. Ta ce ta yi shiru da aka ce na wani ne, yanzu malam da bakinsa ya ce na ubansu ne.

Abarci ya kwana biyu yana juya maganar. A rana ta uku ya kira dattawa, ya raba kasonsa biyu. Awaki ashirin da ɗaya, da taguwa, da rabin gefen gonar, ya sa Fadimata ta riƙe igiyar taguwar da hannunta, ta kora awakin zuwa wani garke da ya yi mata a bayan ɗakin kakarta. Ya ce wa Rhissa ya gaya mata wannan kyauta ce daga wan ubanta, ba mai karɓe ta. Yarinyar ta ce wani abu, Rhissa ya fassara: tana tambaya ko za ta iya ce masa Baba. Ya ce ta ce. Bayan mako guda Zainabu ta aiko da awaki uku ba tare da saƙo ba.

Masu ba da labarin sun ce Abarci bai taɓa jin ya yi abin yabo ba. In an yi zancen a gabansa yakan ce rabi ya bayar, ya canza magana.

Fadimata ta zauna wurin Lami. Watannin farko ba su da harshen da ya haɗa su, tsohuwar tana magana da Hausa, yarinyar tana amsawa da nata, suna fahimtar juna ta wani hali. Ta iya kiwo fiye da kowa a gidan, amma daka da surfe sai da Zainabu ta koya mata. Lami ta rayu shekara ɗaya da rabi bayan zuwanta, a hannunta ta cika.

Rhissa ya yi sanyin nan da ranin a ƙauyen. Da kaka ta zagayo ya ce zai koma arewa ya mutu cikin danginsa, Abarci ya ce zai raka shi. Bai taɓa wuce tafiyar kwana uku daga gida ba, ga shi ya haura hamsin. Aisata ta kirɓa masa fura ta shanya, ta cika masa salka biyu, ba ta hana shi ba. Suka yi kwana goma sha tara a hanya, raƙumi ya goge masa cinya har ta yi ƙurji, ruwan gishirin rijiyoyin can ya ɓata masa ciki.

Wurin wani fili ne mai tsakuwa kusa da busasshen rafi, da tarin duwatsu kamar goma sha biyu a jere, ba itace ko ɗaya. Rhissa ya zagaya ya zagaya, ya tsaya tsakanin biyu daga ciki, ya ce ɗaya ne daga waɗannan, amma shekaru sun yi yawa, ba zai rantse a kan wanne ba. Abarci ya tsuguna a kan na farko ya yi addu'a, ya matsa kan na biyu ya yi irinta. Duwatsun duka biyun sun zube, ya tattaro ya gyara su. Ya kwana uku a zangon dangin Lalla, suka yanka masa ɗan akuya duk da halin da suke ciki, ya bar musu buhun hatsin da ya zo da shi.

Ya komo da wani ayarin gishiri bayan wata biyu, ya rame, ya yi baƙi. Fadimata ta tare shi a bakin rijiya tana shayarwa, ta karɓi igiyar raƙumin. Hausarta ta fara zama a lokacin. Ta tambaye shi ko ya ga wurin, ya ce ya gani. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa ba, uwarta ba ta son bi ta can. Suka taka zuwa gida yana kwatanta mata rafin da duwatsun da tudun da ke yamma da su, tana tambaya yana amsawa, mutanen da ke bakin hanya suna mamakin jin Abarci yana magana mai tsawo haka.

Ya rayu shekaru kaɗan bayan wannan. Shi ya zama waliyyinta da ta auri wani manomi daga wajen Bader Goula, wanda ya yarda ya zo ya zauna a Gidan Rabo don ta ce ba za ta sake ƙaura ba. Ta haifi bakwai, biyar suka rayu. Kakar uwata ita ce ta ukunsu.